Sunan da Horace Entwistle Ya Kankare

Horace Clegg Entwistle, wanda aka haifa a garin Burnley ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1934, marubucin alluna ne. Shekara arba'in da ɗoriya, babu mahauci ko mai soya kifi da dankali a unguwarsu wanda ba Horace ne ya rubuta sunansa a saman ƙofar shagonsa ba. Amma aikin da yake tinƙaho da shi yana cikin Kulob ɗin Masaƙa: wani dogon allon katako da ke rataye kusa da faifan jifan kibiya, wasan da ake saitin faifai a bango da 'yan ƙananan kibau da hannu. A allon nan kowace shekara yake rubuta sunan zakaran kulob da siraran fallayen zinariya. Shi kansa bai taɓa iya jifa ba. Ƙanensa Stanley ne gwanin gidan, kuma sau uku Horace ya hau tsani ya rubuta sunansa, a 1987 da 1988 da 1991.

A 1993 wasan jifan kibiya ya dare gida biyu a faɗin ƙasar. Manyan ƙwararru suka balle daga tsohuwar ƙungiyar da ke kula da wasan suka kafa tasu, ita kuwa ta ce duk wanda ya yi jifa da 'yan tawaye babu ita babu shi. Horace ya tsani 'yan tawayen nan matuƙa. A ganinsa ƙananan kulob irin nasu ne suka yi renonsu, da suka ga hasken talabijin kuma sai suka yi musu butulci.

Wata Asabar Stanley ya kai matarsa shan iska garin Blackpool, ya tarar ɗaya daga cikin 'yan tawayen yana wasan nuna gwaninta, ana gayyatar 'yan kallo su gwada shi. Stanley ya hau dandamali, ya yi wasa ɗaya, ya sha kashi. Ran Alhamis sai ga hotonsa a jaridar gari, mutumin ya dafa kafaɗarsa, dukansu baki har kunne.

Ran Lahadi da hantsi kwamitin kulob ya zauna, sakatare Norman Duckworth ya shimfiɗa jaridar a kan tebur.

"Wasa ɗaya fa, Norman! Kuma lallasa ni ya yi," in ji Stanley.

"Ko kibiya ɗaya ka jefa, doka ta hau kanka."

"Kai da ko bangon nan aka ce ka jefa sai ka sami taga, kai ne za ka kore ni?"

"Kora kam an gama ta tun kafin ka shigo. Saura allo." Norman ya waiwayi Horace. "In abin zai yi maka nauyi, sai mu nemo wani daga garin Nelson ya cire sunan."

"Babu mai taɓa mini allo," in ji Horace. "Ni na rubuta, ni zan cire."

Stanley ya zuba masa ido. "Yaya, wasa kake yi ko?"

"Je ka wurin abokin hotonka ya rubuta maka wani, Stanley namu. Na ga kun dace."

Washegari da safe Horace ya hau tsani da reza a hannu, ya kankare layukan nan uku tas, bai bar ko ƙwayar zinariya ba. Sai da ya sauko ya ja da baya ya ga ɓarnar da ya yi. Hayaƙin taba na shekara talatin ya rina katakon ya koma kamar baƙin shayi, amma inda reza ta bi ta kwashe rinin tare da zinariyar. Ga sunan Stanley nan sau uku, fari fat, ana karanta shi tun daga bakin ƙofa, alhali sunayen da ke da zinariya duk sun dushe. Mutum mai shekara arba'in a sana'a bai kamata wannan ya ɓace masa ba, kuma ya san haka, sai dai fushi ne ya riƙe rezar ran nan.

'Yan kulob suka sami abin yi. "Horace, don Allah kankare mini nawa, ni ma in yi fice!" Ya shafa rini a wurin, sunan ya koma baƙi ƙirin, ya fi da fitowa. Duk wannan abin kunya Horace a kan ƙanensa ya ɗora shi.

Stanley ya koma jifa a wata mashaya da ke tsallaken titi. A 1997 ƙungiyoyin biyu suka sasanta a gaban kotu, amma sulhun bai iso Burnley ba. Ranar jana'izar yayarsu kowannensu ya zauna a nasa gefen coci, wajen cin abinci kuma suka sa faranti ya riƙa bi ta hannun wasu. Shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

A 2004, bayan rasuwar Norman, sabon kwamiti ya ce a mayar da sunan. Horace, mai shekara saba'in, ya yi kwana tara yana gunaguni kafin ya ɗauko akwatin aikinsa. Ya rubuta layin 1987 ya manna masa zinariya, ya yi kyau ƙwarai. Washegari ya zana sauran biyun da danƙo. Shi wannan danƙo akan bar shi ya sha iska kamar awa uku, a taɓa da bayan yatsa, in ya fara kamawa a ɗora zinariya nan take. In lokacin ya wuce, ba za ta zauna ba. Maimakon ya jira a gindin tsani kamar yadda ya saba, sai ya sa hularsa ya nufi gidan ƙanensa.

Stanley ya buɗe ƙofa, bai kauce daga bakinta ba.

"Ina mayar maka da sunanka," in ji Horace. "In kana so ka zo ka gani."

"Wa ya aike ka?"

"Kwamiti."

"To, ashe ba kai ka zo ba. Da aka ce cire ka cire, yanzu an ce mayar ka mayar. Gobe in aka ce ka yi haushi, sai ka yi."

"Kai ka fara cin amana!"

"Wasa ɗaya, tsohon banza! Bar mini sunana yadda yake. Ban taɓa ganin aikinka da ya kai shi fitowa ba."

Suka tsaya nan suna tone-tone, tun daga hoton Blackpool har zuwa keken da aka karya suna yara, maƙwabta suna leƙe ta labule. Da aka rufe masa ƙofa a fuska, Horace bai koma kulob nan take ba. Ya zauna a bencin tashar bas yana huci har la'asar. Ko da ya isa ya taɓa danƙon, ya bushe ƙayau.

Gyaran bai wuce aikin yini ɗaya ba: a goge, a sake zanawa. Ya ce sai mako mai zuwa, daga nan ya ce sai sanyi ya wuce. Ya rasu ranar 2 ga Fabrairu, 2005. Stanley ya je jana'izar, ya tsaya daga baya, ya tafi kafin a watse. Layukan 1988 da 1991 suna nan da busasshen danƙonsu, ba a ɗora musu zinariya ba.