Miyar Ishbel da Jirgin da Aka Ce Babu

Ishbel MacSporran tana juya miyar sha'ir a kwanon maƙwabcinta don ta huce, sai ta yi masa tambayar da take yi kullum da tsakar rana.

"Dugald, me ya sauka a filin sojan nan ranar da Lachie ya dawo daga teku a firgice?"

"Ruwan sama," in ji tsohon. "A nan yankinmu na Kintyre me ke sauka in ba ruwan sama ba? Miƙo burodi, uwar naci."

Lachie mijinta ne, masunci. Wata safiya yana jan tarkon ƙaguwa ya ga wani baƙin abu mai kusurwa uku, ba tambari a jikinsa, ya keta gajimare ya nufi sansanin soja, bayansa wata ƙara kamar sama ta yage. Ya ba da labari a kantin gari. Jaridu suka yi ta raɗe-raɗin jirgin leƙen asiri, hukuma ta ce babu irinsa. A garinmu kuwa a lokacin rabin tukwane da albashin sansanin nan ake ɗora su, kuma abin da ka gani bayan wayar shingensa, can kake barinsa. Dariya ta fi sauƙi, sai aka sa masa Lachie Mai Gane-gane. Laƙabi a nan ya fi dutsen kabari daɗewa, har gadonsa ake yi. Da shi aka binne Lachie, da shi ake kiran 'yarsa har yau.

Dugald ne mai gadin ƙofar sansanin a wancan zamani, kuma an rantsar da shi kada ya faɗi komai. Tun da matarsa ta rasu Ishbel ke kawo masa abinci. Yanzu numfashinsa ya koma kamar iska a tsagar ƙofa, in ya tafi, shaidar ta tafi.

"An rufe sansanin, Dugald. Tumaki ke kiwo a bakin wayar. Su kake wa gadi?"

"Rantsuwa ba ta rufewa."

"Ban ce ka faɗi sunan jirgi ba, sarkin taurin kai. Sunan mijina nake nema."

Ya kalli taga, inda teku ke ta wanke duwatsun da ba sa fita.

"Ban ga komai ba," ya ce a hankali. "Amma Lachie bai taɓa yin ƙarya ba. Ko ranar."

Hannunta ya tsaya a kan cokali. Ta ajiye shi, ta ɗaura ɗankwalinta.

"Ni ka gaya wa, ni kuwa na sani tun tuni. Lahadi za ka maimaita a ƙofar coci, 'yata na tsaye, kowa na ji."

"Ƙafafuna ba sa kai ni."

"Akwai baro."

Ta ɗauki tukunyarta, ta ja ƙofa, ta fita.