Ranar da Na Buga Sunan Wani a Gurbin Kawu

Kawu ne ya rene ni tun rasuwar mahaifiyata. Shi ya kai ni koyon buga tafireta, shi ya sa baki aka ɗauke ni aiki a ofishin akawun majalisa. Duk wanda ya ce ban san alherinsa ba ƙarya yake yi, ko a gaban alƙali zan maimaita.

A lokacin shi ne mataimakin kakakin majalisa, muna zaune a gidan da aka ba shi a GRA. Da aka yi sabon zaɓe ya sake cin kujerarsa ta ɗan majalisa, muka yi ta guɗa. Amma ranar da sabuwar majalisa ta fara zama, wata Juma'a, sai abokan aikinsa suka zaɓi wani ya zama mataimaki.

Mutane da yawa ba su san yadda abin yake ba. 'Yan majalisa su zaɓi shugabanninsu a zaure, a rantsar da su, a tafa. To amma ɓangaren gwamna ba ya aiki da tafi, ba ya aiki da labarin rediyo. Sai akawu ya rubuta wa gwamna takarda ta hannun sakataren gwamnati, cewa majalisa ta zauna, ta zaɓi wane kakaki, wane mataimaki. Masinja ya kai ta hannu da hannu, a buga wa kwafi hatimi a dawo da shi. Daga nan ne mota da ɗan sanda da gida ke bin sabon mai muƙami. Mai buga wannan takarda kuwa ni ce.

Ina sa takarda a tafireta aka ce ana kira na a bakin ƙofa. Na fita, sai ga Inna, matar Kawu, a gindin darbejiya, mayafinta a karkace. Matar da ko kasuwa ba ta zuwa!

Ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, an ce takardar a hannunki take. Riƙe ta zuwa Litinin. Dattawan jam'iyya za su ga gwamna gobe, a gyara wannan ɓarna."

Na ce, "Inna, ai an riga an rantsar da mutumin. Takardar sanarwa ce kurum."

"Boko za ki yi mini? Ki ce injin ya lalace mana! Yau kika fara ƙarya? Wa yake cewa yana azumi don kada ya yi wanke-wanke?"

Wallahi na kusa dariya, ga hawaye a idona. Na ce ba zan iya ba. Ta saki hannuna, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ashe mun yi kiwon ɗan zaki."

Akawu dattijo ne mai lura, ya hango mu ta taga. Da na dawo ya ce in ina so zai kira wata daga ofishin kwamitoci ta buga. Na ƙi. In na kauce, gobe a ce Kawu ya aiko a ɓoye takarda, shi da ko sani bai yi ba. Na zauna. Da na zo layin mataimaki, yatsuna suka tafi da kansu wajen haruffan sunan Kawu, saboda shekaru suna buga shi. Na cire takardar na sa wata, na buga sunan mutumin da laƙabinsa cikakke. Akawu ya sa hannu, masinja ya hau babur. Kafin a tashi masallaci kwafi ya dawo da hatiminsa.

Ran nan na san gida na iya yin sanyi ana tsakiyar zafin Bauchi. In na yi sallama, yara kaɗai ke amsawa. Inna ta daina zuba mini abinci, sai in kankare tukunya. Ta san sarai ba ni na kayar da Kawu ba, amma 'yan majalisa sun yi mata nisa, ni ce kusa. Ban ga laifinta sosai ba, mace ce da ta ga an janye ɗan sanda daga ƙofarta maƙwabta na kallo. Abin da ya fi ci mini rai shirun Kawu ne. Mutumin rugga ne, ko wuta ta kama rigarsa ba ya cewa kai. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Ban san ko ina da sauran wuri a gidansa ba, kuma ba ni da wani gidan a duniya.

Aka zo ranar tashi zuwa Tirwun, gidansa da ko filasta ba a gama ba, kusa da garken 'yan'uwansa. Ana ta loda kaya a akori-kura, ba wanda ya taɓa akwatina. Na jawo shi bakin baranda na tsaya. Wata ƙawata a Shadawanka ta ce in abin ya ƙi in zo mu raba tabarma, ina ta lissafin yadda zan kai kaya can.

Kawu ya fito ƙarshe, ya kulle ƙofar da hannunsa. Ya kira ni a gaban kowa, ya miƙo mini mabuɗan.

"Ke ce ma'aikaciyar majalisa a gidan nan. Kai musu kayansu."

Na durƙusa na karɓa. Na ce a raina sallama ke nan. Na juya zan ɗauki akwatina, sai na ga ya riga ni. Ya ɗaga shi da kansa, da babbar rigarsa da komai, ya ɗora kan kayan Inna. Ya dubi Inna, sannan ya dube ni.

"Kada ki tsaya surutu a ofis. Ba mai ɗaga murfin tukunya a Tirwun sai kin iso."