Malam Arzika da Bikon da Muka Yi Sau Biyu

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malam Arzika ya riga ya jingine tsohon babur ɗinsa a ƙofar sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, a wani asibiti a Gusau. Ma'aikacin jinya ne. Kafin likita ya iso ya jera bencina, ya gaisa da kowa da sunansa da sunan garinsa. Daga nan sai ya zauna, a fara miƙo masa kwalabe, baƙo ya zaci hatsi yake saye. A gidan kowane mara lafiya akwai wanda ya ɗora wa aiki: in mutum ya samu barci, da safe a jefa ƙwayar masara a kwalba, in bai samu ba a jefa wake. Malam zai juye kwalbar a tebur ya baza da yatsa, in ya ga wake ya fara yawa, ranar ba ka tafiya sai ka ga likita. Shekara talatin da biyar ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye.

Ni ba ta hanyar daɗi na san shi ba. Ƙanena Mahadi, manomi a Bilbis, shi ne sanadi, kuma shi ya ce in rubuta da sunansa. Mahadi ya faɗa shan tiramol da maganin tari har matarsa Juwairiyya ta gaji, ta koma gidan mahaifinta Alhaji Salisu a Bungudu. Tafiyarta ta girgiza shi. Ya rantse ya daina, muka tsare shi a gida, ya sha wuya, ya kuwa daina.

Bayan 'yan makonni sai ga Mahadi ya zama wani mutum. Ya nome gonarsa, ya nome ta maƙwabci ba a roƙe shi ba, baki ba ya rufuwa, dariya har kan titi. Innarmu ta yi guɗa ta ce ɗanta ya warke. Ni da nake malamin makaranta a Tsafe, mai ganin kansa wayayye, ni na fara cewa a tafi biko tun da zafinsa.

Kowa ya san yadda ake zuwa biko. Miji ya zauna can bakin tabarma, kai a ƙasa, manya su yi magana a madadinsa. Mu kuwa ko gaisuwa ba mu gama ba Mahadi ya tashi ya zauna kafaɗa da kafaɗa da surukinsa, ya dafa masa gwiwa, ya kira shi da sunansa tsirara. Ya ce zai saya masa tarakta, zai kafa injin casar shinkafa a Bungudu, zai kai garin duka Makka. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji Salisu ya miƙe ya ce, "Ku ɗauke mini wanga yaro. A buge kuka kawo mini shi? Ɗiyata ta gama zama da shi, takardarta nike jira."

Abin da ya fi mini ciwo, na san ranar bai sha komai ba. Da muka dawo, ba a jima ba ya faɗi warwas, ya rufe kansa a ɗaki, ya koma wa ƙwaya fiye da da. Wani direban tashar Tsafe ne ya ce mu kai shi wurin Malam Arzika.

Na shiga ina ta lissafa masa abin da Mahadi ke sha. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam Nura, ranar da kuka tafi biko, dare nawa ya yi bai runtsa ba?"

Na juya ga Inna. Ta ce, "Shida. Mu mun ɗauka ƙarfi ne ya dawo mishi."

Ya yi murmushi ya ce, "Inna, ai ba warkewa kuka gani ba. Ciwon kuka yi wa wanka kuka raka shi Bungudu."

Ya zaunar da mu ya yi bayani. Ciwo biyu ne a jiki ɗaya. Akwai wanda ke ɗaga mutum sama na makonni, ya hana shi barci, ya sa ya ga babu abin da ya fi ƙarfinsa, sannan ya maka shi ƙasa har ya ƙi rayuwa. Akwai kuma shaye-shayen, wanda Mahadi ya fara don ya iya tashi daga tabarma in ciwon ya kayar da shi. In an yi maganin ɗaya an bar ɗaya, wanda aka bari zai jawo ɗan'uwansa. Likita ya tabbatar, aka kwantar da shi, aka raba shi da ƙwaya a hankali, aka ɗora shi kan magani.

Malam Arzika, kai ne ka hana mu sake tafka wautar farko. Da Mahadi ya murmure na zo ina cewa a dakatar da maganin tunda ya samu sauƙi, ka dube ni ta saman tabarau ka ce in ina son a maimaita irin bikon farko to bismilla. Kai ne kuma, da ya zame ya sha a wata na bakwai ya zo yana kuka, ba ka ɗaga masa murya ba. Cewa ka yi, "Ka zo da ƙafarka, wannan shi ne aikin. Zauna mu ga inda aka kuskure." Arzika na Mada, mai kunnen sauraro, ni dai ban taɓa ganin ka gaji da mutum ba.

Duk wannan lokaci Alhaji Salisu na aikowa a kawo takarda, Mahadi na cewa hannunsa ba zai iya rubutawa ba. Da shekara ta zagayo, Malam Arzika ya nemi izinin Mahadi, ya ce zai bi mu Bungudu ranar hutunsa. Ba aikinsa ba ne, kuma kowa ya san yadda hanyoyinmu suke a shekarun nan.

Wannan karon Mahadi na bakin tabarma, kai a ƙasa. Malam ya yi wa Alhaji bayani tiryan-tiryan. Alhaji ya ce shi bai yarda da lafiyar da sai da magani kullum ba. Malam ya nuna kwalin da ke leƙowa daga aljihun Alhaji ya ce, "Wannan na hawan jini ne ko? Yaushe za ka gama shi?"

Alhaji ya ce, "Ai wanga ba a gama shi."

"To nasa ma haka ne."

Alhaji ya yi dariya ya ce a kira Juwairiyya, maganar tata ce. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ba ta dubi mijinta ba, Malam ta tambaya: "Baba, tsakaninka da Allah, zai sake?"

Na san mutumin nan ba ya ƙarya ko don a gyara aure. Ya ce, "Zai iya sakewa, ɗiyata. Bambancin shi ne yanzu ya san ciwonsa, za ki san alamunsa, kuma kun san hanyar asibiti. In kin koma, ba ke kaɗai za ki ɗauka ba. In ba ki koma ba, ba ki yi laifi ba."

Ta ce a ba ta mako guda ta yi shawara da zuciyarta. Ban taɓa ganin mako mai tsawon wannan ba.

Ku da kuke da irin Mahadi a gida, kada ku ɗaure shi, kada kuma ku yi guɗa da wuri irin tamu. Ku kai shi asibiti, ku tambayi barcinsa kamar yadda kuke tambayar abin da ya sha. Ku kuma matasan da za ku gaji bencin nan, ku koyi zama ku saurari mutum har ya gama.

Malam Arzika, mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Inna na gaishe ka, Mahadi ya ce bakinsa ba zai iya ba. Juwairiyya kuwa da ta ji zan yi wannan rubutu, na tambaye ta me zan faɗa maka. Tana tankaɗe a tsakar gidan mijinta a Bilbis, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Yaya, ka ce wa Baba ina ɗakina, bana shekara biyu."