Huji Biyu a Rufin Didam

Didam kafinta ne a Reluwe ta Kafanchan, ya yi shekara talatin yana hawa rufin mutane. Da gwiwa ta gaza, sai ya zauna gida yana ƙera ƙananan rufi da kwalin sabulu. Yakan ɓare fatar kwalin har layukan ciki su fito kamar na kwanon rufi, sannan ya huda gurbin kowace ƙusa da allura. Yadda rufi yake, haka yake fitar da shi, ba ƙari ba ragi.

A 1971 amininsa Raphael ya dawo daga Gabas bayan yaƙin basasa, ya tarar an kwashe kwanon gidansa kaf. Didam ya ce shi bai ga kowa ba. Babu abin da yake tsoro kamar rasa wannan aminci.

Wata Lahadi bayan coci, Raphael ya ɗauki ƙaramin rufin kwali da Didam ya ƙera na nasa gidan, ya ɗaga shi saitin rana. Haske ya zubo ta huji biyu-biyu.

"Ɗan'uwa, sabon kwano sau ɗaya ake huda shi," in ji Raphael. "Wannan ya taɓa rufe wani gida."

"Na hannu na saya," in ji Didam.

"To, madalla. Allah ya sa ba ya yoyo."

Ya ajiye kwalin a hankali.

Har Didam ya rasu a 1978, Raphael bai fasa gaishe shi ba. Sai dai daga bakin hanya yake gaisuwar, bai sake taka ƙofar gidan ba.