Waƙar Tuwon da Ta Kai Daji

Yayana ɗan kama ne. Ga wanda bai taso a wajenmu ba, ɗan kama shi ne mutumin da zai ɗauki waƙar da kowa ya sani, ya bar mata kiɗinta da muryarta, ya kwashe maganganun da ke ciki ya zuba abinci a madadinsu. Babanmu malami ne mai karantar da manya a zaure, kuma har ya koma ga Allah bai daina cewa ya haifi ɗa ya ba shi karatu, tuwo ya ƙwace masa shi ba. Amma na sha ganin kafaɗun tsohon suna rawa don dariya idan yaya ya fara a tsakar gida.

Kayan aikinsa akushi ne da ludayi, sai wani tsumma da yake naɗawa a ka da sunan rawani. Akwai wata waƙar soyayya ta fim da ta cika gari a wani lokaci, saurayi yana kukan budurwarsa ta tafi ta bar shi. Yaya ya mayar da ita kukan magidancin da ya dawo daga gona ya tarar an ba baƙo ɗanwakensa, har da shessheƙar da mawaƙin yake yi a tsakiya. Waƙar wani ɗan takara kuwa, mai lissafa tituna da rijiyoyi, ya mayar da ita alkawarin shimfiɗa titin tuwon dawa daga Talata Mafara zuwa Bakura, da kwalbatin miyar kuka a kowace kwana. Wannan ita na fi so. Har yau in na hau waccan hanyar mota ta faɗa rami, sai na ji ta a kaina.

Abin da muka taso muka tarar shi ne ba a fushi da ɗan kama. Ya taɓa sarakai, ya taɓa malamai, ya taɓa mawaƙan da kansu, kuma duk wanda ya ɓata rai shi ake yi wa dariya. Da wannan yaya ya dogara duk rayuwarsa, yana zaune a ƙauyenmu can gaba da Gidan Goga, yana noma da damina yana yawon biki da rani.

Sai zamani ya kawo mutanen daji, wato 'yan bindiga. Ba sai na faɗi abin da suka yi wa ƙasar Maradun ba. Abin da ya shafi labarina shi ne babbansu na yankinmu ya sa an yi masa waƙa, irin ta kirari, wai shi ne mai daji, ba ya barci, ba ya ja da baya, in ya shiga gari ba abin da ke saura. Waƙar tana da daɗin kiɗi, abin haushin ke nan. Yara suna yin ta ba su san me suke faɗa ba.

A bikin ɗiyata a Mafara, cikin gida, tsakanin mata, yaya ya juya ta. Mai daji ya koma mai gida, jarumin da in ya shiga madafa ba malmalar da ke saura. Inda ake amsawa da kirarin mutumin, mu sai mu ce, “Ƙaro miya!” Mun yi dariya har wasu suka zube ƙasa. Matan da suka baro garuruwansu saboda wannan mutumin su suka fi kowa dariya, wata tana yi tana share hawaye. Ban lura da 'yan matan da suka ɗaga wayoyi ba, kuma ko na lura ban san me zan ce musu ba. Yaran yanzu ko atishawa ka yi sai sun ɗauka. Kafin wata ya mutu, masu cajin waya na kasuwa suna tura wa mutane ita, 'yan kabu-kabu suna sa ta a mashin.

Lokacin kaka ne matar yaya ta kira ni. A shekarar garinmu yana cikin abin da ake kira sulhu, wato mutanen daji sun bar mutane su yi noma, su kuma su shigo gari su sayi abin da suke so ba mai ce musu kanzil. Gero ya nuna, ana shirin yanka.

“Ki taho,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Sun aiko ga mai gari. Babbansu ya ji waƙar. Ya ce ran Laraba shina zuwa da kainai a yi mai ita gabanai.”

Na bar tukunya a kan wuta na ɗauki mayafi. Mota ta kai ni Maradun, daga nan na hau mashin, kuma duk hanyar ba abin da nake yi sai zagin yaya a zuci da roƙon Allah Ya tsare shi. Na same shi zaune a inuwar rumbu yana gyaran lauje, kamar ba shi ake magana a kai ba. Ko gaisuwa ban gama ba.

“Yaya, tashi mu tahi Mafara. Mai mashin na nan bakin gida.”

“Auta, zamna ki sha ruwa.”

“Ban sha. Tashi.”

“In na tahi, wa ka yanke geron mutane? Sun ce in ba su ishe ni ba, ko zangarniya guda ba ta shiga rumbu bana.”

“Gero ya hi ranka?”

“Ba a taɓa taɓa ɗan kama don waƙa ba. Gaban sarakuna na yi, sunka yi dariya.”

“Wanga ba sarki ba na!”

Na faɗa da ƙarfi har matarsa ta leƙa waje ta ga ko wani ya ji. Ya ci gaba da goga laujensa. A nan na lura tun shigowata wuri ɗaya yake ta gogawa, na gane ba wauta ce ta zaunar da shi ba. Na sallami mai mashin, na zauna. Abokan aikinsa biyu da suke yi masa amshi kuwa, tun da labarin ya fito suka tuna suna da dangin da za su gaisar a Bakura.

Ranar Laraba da hantsi muka ji ƙarar mashina daga yamma. An ce kowane namiji ya fito ƙofar gidan mai gari. Mu mata muka taru a cikin gidan, bayan dangar kara, kowa ta nemi kafar da za ta sa ido. Sun zo da yawa, bindigogi rataye, suka kewaye filin. Babban nasu siriri ne, bai kai ƙanen mijina shekaru ba, kuma ya zauna a kujerar mai gari ba tare da an ce ya zauna ba. Mai gari, tsoho mai furfura, ya durƙusa yana jera gaisuwa: kun zo lahiya, ya hanya, ya iyali, ya gajiya. Na ji kunya ta kama ni kamar ni ce na durƙusa.

Mutumin ya ciro waya ya sa waƙarsa ta ainihi, aka saurara har ta ƙare. Sannan ya sa ta yaya. Muryata na ji a ciki, ina ƙyalƙyala dariya a gidan biki. Ba wanda ya motsa.

“Wa yay yi wagga?”

Yaya ya fito tsakiyar fili da tsummansa a ka, akushi a hammata. Ya yi sallama, ya ce shi ne.

“To, yi mu ji.”

Ya kifa akushin, ya buga da ludayi, ya fara. Muryar ta fito siririya.

“Mai gida ya shiga madafa,
malmala ta yi ban kwana da 'ya'yanta…”

Ya tsaya inda ake amsawa. Shiru. Waƙar ɗan kama ba ta tafiya sai da amshi, kowa a filin nan ya sani, kuma kowa ya san kalmomin, amma maza suka sa idanu a ƙasa. Ya sake ɗaukowa daga farko, ya zo wurin, shiru. Zufa ta jiƙa masa tsumman.

“Cikin waya akwai masu amsawa,” in ji mutumin. “Ina su? Ko raina ni anka yi?”

Wani daga cikin yaransa ya sauke bindiga daga kafaɗa ya riƙe a hannu. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Yaya ya buga akushin karo na gaba, na ji bakina ya buɗe a bayan danga.

“Ƙaro miya.”

Wata ta danƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Kawuna suka juyo wajen dangar. Yaya bai juyo ba, ya san muryar, ya wuce baiti na biyu da sauri. Da amshi ya sake zagayowa matarsa ta shigo, sai matan mai gari, sai sauran. Daga baya maza suka fara, can cikin maƙoshi. Ban taɓa jin an yi waƙar ban dariya da irin wannan murya ba, kamar ana rakiyar gawa.

Ya kai ƙarshe ya ajiye ludayi. Na fara sauke numfashi.

“Ka tsallake guda,” mutumin ya ce. “Ta muciya.”

A waƙar ainihi akwai inda ake cewa mai daji bai taɓa juya wa kowa baya ba. A ta yaya, jarumin yana cikin sharar tukunya sai uwargida ta shigo da muciya, ya tsallake katanga ya bar takalmi ɗaya. Wannan baitin ne ya fi kashe mata da dariya a gidan biki, kuma shi yaya ya yi fatan a manta.

“Ranka shi daɗe, wagga ta mata ta, ba ta…”

“Yi ta.”

Ya yi ta. Kuma tunda ba makawa, ya yi ta yadda ake yi, ya tattare riga ya yi tsallen, ya ɗingisa da ƙafa ɗaya yana waiwayen muciya. Muka ce, “Ƙaro miya,” ni kam ban ji muryata ba. Sannan filin ya yi tsit. Mutumin yana kallonsa, fuskar nan ba a karanta komai a kanta.

Wani ƙaramin cikinsu, mai tsaye bayan kujera, dariya ta kuɓuce masa ta hanci. Ya toshe baki. Babban ya juya ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, har na rufe ido. Sai na ji wata dariyar, babba, ta mutumin da kansa. Yana yi yana dukan cinya, yana cewa, “Takalmi guda! Ya bar takalmi guda!” Yaransa suka ɗauka. Mutanen gari ba su san ko an yarda su yi ba, suka yi ta yaƙe.

Ya ɗaga hannu aka kwanto wani farin rago da ke ɗaure a bayan mashin, aka jawo shi tsakiyar fili. Ashe da shi suka zo. Kyautar da aka yi wa mai waƙa a bainar jama'a ba a mayar da ita, ko daga hannun wa ta fito, balle wannan hannun. Yaya ya karɓi igiya, ya yi godiya kamar yadda ake yi.

“Ku yanke geronku,” mutumin ya ce wa mai gari. Sannan ya nuna yaya, ya ɗaga murya yadda har mu na bayan danga muka ji. “Wanga, daga yau ɗan kamana na. In ina buki, ina aikowa a ɗauko shi.”

Suka tada mashina suka tafi.

Na fito da gudu ina hamdala, ina jiran in ga an rungume shi. Ba wanda ya matso. Maza suka miƙe suna kakkaɓe riguna, kowa ya kama hanyarsa ba tare da ya dube shi ba. Samarin garin 'yan sa-kai, masu tsare gari daga mutanen daji, waɗanda suka ɓoye makamansu saboda sulhu, suna tsaye gindin bishiyar bedi suna kallon ragon, suna kallon yaya. A ƙasarmu a yanzu, a ce kai na mutanen daji ne, ko da wasa, kowa ya san abin da ke biyo baya.

Ragon ne ya fara tafiya. Ya fizgi igiya ya shiga lungu, yaya yana biye, ni ina bayansu, yara da wasu manya suna binmu daga nesa. Bai yi wata-wata ba sai ƙofar wata tsohuwa da muke ce wa Gwaggo, wadda aka kore wa dabbobi a harin bara, ranar da aka kashe ɗanta a bakin garke. Tana tsaye a ƙofa. Ragon ya sa hanci a zanenta yana kuka.

“Gwaggo,” yaya ya ce, ya miƙa mata igiyar da hannu biyu, “ga abinki.”

Hannunta ya taso har ya kusa kan ragon. Sai ta dubi mutanen da suka tsaya a bakin lungu. A cikinsu akwai mai kai labari daji, ba wanda ya san ko wane ne, kuma in aka ji ta karɓe kyautar babbansu, ita ta san sauran. Ta mayar da hannun cikin mayafi.

“Ba nau ba na,” ta ce. “Kai anka ba. Kai da mutanenka.”

Ta shiga ta turo ƙyaure. Ragon ya ja baya ya tunkuyi ƙofar, ya sake tunkuya. Yaya yana tsaye da igiya a hannu, ya duba dama ya duba hagu, duk wanda suka haɗa ido sai ya kau da kai. A garin nan aka haife shi, ba gidan da bai sa dariya ba ranar suna ko ranar aure.

Ya warware tsumman daga kansa ya miƙo mini.

“Auta,” ya ce a hankali, “kira mai mashin ɗin naki. Ki ce ma uwar yara ta ɗaure tabarmi.”