'Yan Kunnen Inna

A rediyo Inna ta ji labarin, a shekarar da sankarar mama ta kwantar da yayata a gidanmu na Kwararafa. Wai masu bincike a ƙasar waje sun mayar da zinare gari, ana zuba shi a jini, ya je ya taru a kan ciwon har ya fito sarai a hoton asibiti, sannan a haska masa wata fitila ya ƙone ciwon.

Ni ke koyar da kimiyya a sakandare, don haka ni ta tura in binciko. Na zauna a shagon intanet, sanyi na cin yatsuna, shafi na buɗewa kamar ana jan akuya. Gaskiya ne, amma a jikin ɓeraye ake gwadawa. Ɓeraye fa! Yaya kuwa ko keken ɗinkinta ba ta iya takawa, hammatarta ta kumbura, likita ya ce an makara.

Na dawo na tarar Inna ta riga ni. Ta cire 'yan kunnen zinaren da ta sayo a aikin hajji, ta kai wa maƙeri ya goge su da magagari suka zama gari. Ga ta tsakar gida tana tankaɗe garin da kallabi. Na yi faɗa, wallahi na yi. Na ce wancan garin ko ido ba ya ganinsa, nata kuwa tsakuwa ne a kansa, kuma ba sha ake yi ba. Ta ce ita 'yar mai wankin ƙarfen kuza ce, tun ba a haife ni ba take raba ƙarfe da yashi, kada in koya mata laushi. Ta barbaɗa a kunu, Yaya ta sha tana murmushi don kada ran Inna ya ɓaci. Na shige ɗaki na yi kuka, don ni ma ba ni da abin da ya fi wannan kunun.

Kafin damina ta ƙare muka rasa Yaya. Ranar sadakar uku Inna na zaune kusa da ni, hujin kunnenta fayau ba komai a ciki. Ta juyo ta ce, "Ɓerayen nan da kika ce, sun warke?"

Na ce, "An ce sun warke, Inna."

Ta daɗe tana kallon keken ɗinkin, sannan ta ce, "To, Allah ya raya su."