Rodi Biyu a Gaban Kekena

A makarantar mishan da na yi, an koya mana cewa wanda ya ƙera abu ya fi mai amfani da shi sanin siffar da ta dace da shi. Da wannan ra'ayi na koyar da lissafi a Haɗeja har na yi ritaya, kuma ban ga dalilin sauya shi ba.

Kekena siriri ne mai lanƙwasasshen kai, irin wanda aka yi domin kwalta kawai. Ba shi da kariyar ɗaukar kaya, ba shi da kwando. A garin da keke ke ɗaukar buhun shinkafa biyu, da kwandon kifi, da mai keken, da matarsa, mutane suna kallon nawa yadda ake kallon ƙato lafiyayye da ya ƙi noma.

Bayan ambaliyar wata damina, ruwa ya zaizaye gefen hanyar Malam Madori, na faɗa wani rami. Na kurje gwiwa, fok ɗin keken kuma, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, ya lanƙwashe. 'Yata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta wanke mini ciwon, sannan ta yanke hukunci. Ta ce idan aka gyara keken za ta duba shi da kanta, in bai gamsar da ita ba za ta kulle shi a ɗakin ajiya, in koma shiga babur mai ƙafa uku, inda ake cusa dattijo tsakanin akuya da jarkar manja.

Da ƙyar aka samo mini sabon fok guda ɗaya daga Kano, wanda ya yi daidai da awon keken. Na kai shi wurin mai gyaran keke na bakin kasuwa, tsohon ɗalibina ne, yanzu har gemunsa ya yi furfura. Ya ɗaga fok ɗin da yatsa biyu, ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam, wannan ai tsinken tsire ne. Me zai ɗauka?"

Na ce, "Ni zai ɗauka."

"To, ranar da aka ba ka kyautar kankana fa?"

"Sai in gode, in ce a aiko mini gida. Ka ɗaura shi yadda ya zo. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya yi dariya ya ce, "Har yanzu Malam bai ajiye jan biro ba."

Na shimfiɗa farin hankici, na sa ya jera ƙwayoyin boris a kai, na ƙirga su sau biyu. Na sa ya wanke su da kananzir, ya shafa sabon giris. Da ya ce zai daidaita tayar da ido, na fito da rula da zare daga aljihu. Masu jiran a yi musu faci suka matso suna kallo, kamar ana fiɗa a asibiti.

Kuskurena ɗaya ne. Ƙarfe goma sha biyu nake shan maganin hawan jini, tare da abinci, kuma ban taɓa saɓa lokacin ba. Na ce masa kada ya taɓa komai sai na dawo. Ya ce, "An gama, Malam." Na manta cewa haka yake amsa mini a aji duk ranar da ba zai yi aikin gida ba.

Da na dawo, na tarar da keken a ƙofar mai walda na maƙwabta, yana hayaƙi. An liƙa masa rodi biyu irin na gini, daga gindin tayar gaba har zuwa wuyan keken. Fentin ya ƙone, waldar kuma ta yi ƙulu-ƙulu kamar gidan zanzaro. Wani masunci daga Baturiya yana shafa rodin yana cewa, "Yanzu ya zama keke."

Ɗalibin nawa ya tsaya yana murmushi. Ya ce, "Malam, kyauta ce daga ni da mai walda. Ka koyar da mu, ba za mu bari a ce kekenka ne kaɗai raggo a garin nan ba."

Na bayyana masa cewa zafin walda yana raunana siririn ƙarfe, kuma fok ɗin an yi shi ne ya ɗan yi laushi domin ya shanye gargadar hanya. Ya saurara cikin ladabi har na gama, sannan ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma buhu uku zai ɗauka." Cire rodin kuwa zai yage fok ɗin, kuma babu wani a ajiye.

Na tura keken gida ina shirya jawabin da zan yi wa 'yata a kan taɓarɓarewar sana'a a ƙasar nan. Na same ta a tsakar gida tana jirana. Ta zagaya keken, ta kama rodin ta jijjiga da ƙarfi, ta danna kan keken da duk nauyinta. Sai ta miƙe ta ce, "Baba, da wancan siririn ƙarfen ka dawo mini da shi, da yau keken nan ya kwana a kulle. Wannan kam an yi aikin hankali. Ka ci gaba da hawa."

Na buɗe baki, domin hujjojina a shirye suke, kuma na tabbata zan iya gamsar da ita cewa an ɓata keken. Sai na auna abin da zai biyo baya idan ta gamsu. Na rufe bakina, na ce mata Allah ya yi albarka.

Washegari da safe na hau shi zuwa coci. Ya yi nauyi, kuma kowace tsakuwa da na taka sai na ji ta a haƙorana. Har yau ina riƙe da cewa aikin nan kuskure ne, kuma zan iya tabbatar da haka a kan allo ga duk wanda ya tambaya, in ban da mutum ɗaya.